Tarihin Fayil ɗin SEG-Y da Neman Mai a Kwarin Tafkin Chadi

Ƙasar Yusufari, tare da Nguru da Gashuwa da sauran arewacin Jihar Yobe, tana zaune ne a gefen yamma na babban kwarin da masana ilimin duwatsu ke kira Kwarin Tafkin Chadi. A sama, abin da ido ke gani shi ne tuddan yashi irin na Tulo-Tulowa, da kwaruruka masu goruba da dabino da kanwa a tsakaninsu. A ƙasa kuwa akwai shimfiɗu na yashi da yumɓu da laka da suka taru bisa juna cikin miliyoyin shekaru. Tun shekarun 1970 ake neman sanin ko akwai mai a cikin waɗannan shimfiɗu, kuma babbar hanyar da ake bi ita ce a aika girgiza cikin ƙasa a saurari amsa-kuwwarta. Abin da aka saurara ana adana shi a fayil mai tsari na musamman, wanda aka fi sani da SEG-Y. Tarihin wannan fayil da na manhajojin da ke karanta shi ya saƙu da tarihin neman mai a arewa maso gabashin Nijeriya, domin bayan ma'aikata sun naɗe wayoyinsu sun tashi, fayil ɗin ne kaɗai ke saura daga aikin da aka kashe wa dukiya mai yawa.

Asalin kwarin

Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ɓawon ƙasa ya tsattsage a tsakiyar Afirka, wasu wurare suka lotsa suka zama ramuka masu zurfi. Kwarin Binuwai ɗaya ne daga cikinsu, haka na Termit a gabashin Nijar, da na Doba a kudancin Chadi, da na Borno. Koguna suka yi ta zuba yashi a ciki, daga baya teku ya shigo ya bar baƙar laka mai ɗauke da ragowar ƙananan halittu. Wannan lakar ta daskare ta zama dutsen da masana suka raɗa wa sunan garin Fika na Jihar Yobe, kuma ita ce ake kyautata zaton za ta iya haifar da mai ko iskar gas idan zafi da nauyi suka dafa ta daidai gwargwado. Can sama kuma akwai shimfiɗar da ake kira ta Chadi, wadda ke riƙe da ruwan rijiyoyi da na burtsatse. Kwarin ya fi zurfi a gabas, wajen Gubio da Kukawa, inda kaurin shimfiɗun ya kai kilomitoci. Yana raguwa idan aka nufo yamma, har a kai inda tsohon dutsen ƙasar Kano ke fitowa fili.

Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa, kuma kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙasar Fune, shaida ce ta zamanin yalwar ruwa a yankin. An ƙiyasta shekarunsa kusan 8,000. Mutanen ƙasar Manga, inda Yusufari take, sun daɗe da sanin cewa inda goruba ta yi dandazo ruwa na kusa. Akwai kuma labaran masu baiwar gane inda ruwa yake, waɗanda ake faɗa a baka, ba tare da wani rubutaccen bayani a kansu ba. Abin da yake a rubuce shi ne cewa a shekarun 1950 hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya ta tabbatar da ruwa mai matsi a ƙarƙashin Borno, aka haƙa burtsatse masu tunkuɗo ruwa da kansu. Wannan ne karon farko da aka san shimfiɗun kwarin ta hanyar haƙa mai zurfi.

Daga nakiya da takarda zuwa lamba, 1921 zuwa 1967

Dabarar sauraren ƙasa ta samo asali ne daga Jamus da Amurka. Bajamushe Ludger Mintrop ya kafa kamfanin Seismos a 1921, kuma a 1924 ma'aikatansa suka gano tulin gishirin Orchard a ƙarƙashin jihar Teksas, wanda aka samu mai a gefensa. A shekarar 1921 ɗin kuma J. Clarence Karcher da abokan aikinsa suka gwada wata hanyar kusa da birnin Oklahoma: a fasa nakiya a rami, girgiza ta nutsa, ta bugi iyakar da ke tsakanin dutse mai laushi da mai tauri, wani ɓangarenta ya dawo sama. Ana jera ƙananan na'urorin saurare, da ake kira jiyofon, a caccake cikin ƙasa, kowace tana rubuta lokacin da amsar ta iso da ƙarfinta. Daga lokacin da girgiza ta ɗauka zuwa da dawowa ake lissafa zurfin dutsen. Wannan hanya ta biyu ce ta yi rinjaye. Karcher ya kafa kamfanin GSI a 1930, wanda daga cikinsa Texas Instruments ya fito, kuma a shekarar ce aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, wadda ake taƙaita sunanta da SEG.

Har zuwa shekarun 1950 ana zana sakamakon ne a doguwar takardar hoto, masani ya shimfiɗa ta a tebur ya bi layukan da fensir. Abin da aka zana ya zauna ke nan, ba a iya tace shi ko a sake lissafa shi. Faifan tef mai maganaɗisu ya sauya wannan, domin ana iya sake kunna shi. A farkon shekarun 1960 aka koma mayar da girgizar zuwa lambobi, kwamfuta ta riƙa tara amsoshi da yawa na wuri ɗaya tana haɗa su don hayaniya ta ragu, ainihin amsar ta fito. Matsalar da ta biyo baya ita ce kowane kamfani ya yi gaban kansa wajen jera lambobin a faifai. Faifan da wani ya rubuta, kwamfutar wani ba ta gane shi. A 1967 ƙungiyar SEG ta fara fitar da tsare-tsaren bai-ɗaya don faifan da ake ɗauka a daji.

Haihuwar SEG-Y, 1975

A 1975 mujallar Geophysics ta buga tsarin SEG-Y, wanda K. M. Barry da D. A. Cavers da C. W. Kneale suka rubuta a madadin kwamitin ƙungiyar. An yi shi ne don musayar bayanai tsakanin kamfanoni a faifan tef mai layi 9, kuma ya ɗauki kamannin kwamfutocin IBM na zamanin.

Tsarin yana da sauƙin fahimta. Fayil yana farawa da bayit 3,200 na rubutu, layi 40 kowanne harafi 80, daidai da katunan huji 40 da ake ciyar da kwamfuta da su a lokacin. A nan ake rubuta sunan kamfani, da yankin aiki, da lambar layi, da abin da aka yi wa bayanan. Sai bayit 400 na lambobi da ke faɗin tazarar lokaci tsakanin awo da awo, da yawan awo, da nau'in lambar da aka yi amfani da ita. Daga nan sai zaruruwa su biyo, zare ɗaya na nufin abin da wurin saurare ɗaya ya ji bayan bugu ɗaya. Kowane zare yana da goshi na bayit 240 mai ɗauke da lambarsa da matsayinsa a taswira da nisansa daga wurin bugu, sannan awon da kansa. Idan aka saurari ƙasa na daƙiƙa 6, ana ɗaukar awo sau 250 a kowace daƙiƙa, zare zai ƙunshi awo 1,500. Kowane awo bayit 4 ne, wato 6,000, a haɗa da goshi ya zama 6,240. Wanda ya san wannan zai iya cire 3,600 daga girman fayil, ya raba saura da 6,240, ya san yawan zaruruwan da ke ciki tun bai buɗe shi ba. Idan rabon bai fita daidai ba, akwai abin da ya lalace ko wanda ya rubuta fayil ɗin ya kauce wa ƙa'ida.

Kaucewar kuwa ta zama ruwan dare. Rubutun farkon fayil yana cikin haruffan EBCDIC na IBM, waɗanda kwamfutar yau ke nunawa kamar shirme sai an juya su. Lambobin awo suna cikin tsarin IBM, wanda ya bambanta da tsarin IEEE da aka amince da shi a 1985, kuma jerin bayit ɗinsu ya saɓa wa na na'urorin Intel. Bugu da ƙari, an tsara SEG-Y ne don layi miƙaƙƙe guda, wato binciken 2D. Da binciken 3D ya yaɗu, wanda ke rufe fili gaba ɗaya da layukan tsaye da na gicciye, babu gurbin da aka ware wa lambobin waɗannan layuka, sai kowane kamfani ya cusa su inda ya ga sarari a goshin zare. Sai a gyaran 2002 aka tsayar da bayit na 189 da na 193 a matsayin mazauninsu, aka kuma halatta lambobin IEEE. Gyara na biyu ya zo a 2017. Duk da haka tsofaffin fayiloli suna nan yadda aka rubuta su, kuma su ne mafi yawa a rumbunan ajiya.

Zangon farko a Borno, 1976 zuwa 2000

An samu mai a Oloibiri a 1956, hankalin kamfanoni ya karkata ga yankin Neja Delta. Abin da ya jawo ido zuwa arewa maso gabas shi ne labarin maƙwabta: a shekarun 1970 kamfanin Conoco ya samu mai a Chadi, wasu kamfanonin kuma suna bincike a kwarin Termit na Nijar. Daga tsakiyar shekarun 1970 kamfanin mai na ƙasa, wanda ya zama NNPC a 1977, ya shiga tsohuwar Jihar Borno, wadda Yobe ke cikinta har zuwa 27 ga Agusta 1991. An ɗauki fiye da kilomita 30,000 na layukan 2D, aka haƙa rijiyoyi 23 zuwa tsakiyar shekarun 1990, irin su Kanadi-1 da Albarka-1 da Gaibu-1 da Murshe-1. Biyu daga ciki, Wadi-1 da Kinasar-1, sun nuna iskar gas wadda ba ta kai ta kasuwanci ba. A 2000 aka dakatar da aikin.

Masana sun kawo dalilai. Layukan 2D suna da tazara mai faɗi a tsakaninsu, don haka siffar dutse da aka gani a layi ɗaya ana cike sauranta ne da hasashe. Wasu rijiyoyin sun ci karo da narkakken dutse da ya kutso cikin shimfiɗun ya daskare, wanda zafinsa kan ƙone mai ya bar gas, kuma a hoton girgiza yana iya ruɗar mai dubawa. Yashi mai kauri da sako-sako a sama shi ma yana shanye ƙarfin girgiza ya jirkita lokacin dawowarta, matsalar da duk wanda ya san tuddan Yusufari zai gane girmanta.

A bakin jama'a kuwa wani labari ne ya yaɗu. Ana cewa an samu man, sai aka toshe rijiyoyin saboda siyasa. Bayan Chadi ta fara tura mai ta bututun da ke kai shi tashar ruwa ta Kiribi a 2003, Nijar kuma ta buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram a Nuwamba 2011 da man Agadem na kwarin Termit, sai aka ƙara da cewa maƙwabta na zuƙe man Nijeriya ta ƙarƙashin ƙasa. Babu rubutacciyar shaida da ta tabbatar da zance na farko. Na biyun kuma ya ci karo da ilimin duwatsu, domin Termit da Doba da Borno ramuka ne daban-daban, da ɗaruruwan kilomita tsakanin filayen man da iyakar Nijeriya, kuma mai yana maƙale ne a ƙofofin dutse, ba ya kwarara kamar kogi. Hujjar da ke iya raba gardama irin wannan tana cikin faifan girgiza da rahoton rijiyoyi, waɗanda kaɗan ne suka taɓa gani.

Faifan da kansa ba ya dawwama. Tef mai maganaɗisu yana ɗanko idan ya daɗe a zafi da laima, har sai an gasa shi a ƙaramin zafi kafin a iya karanta shi sau ɗaya a kwashe abin da ke ciki. Na'urorin karanta faifai mai layi 9 ma sun yi ƙaranci. Wannan ya sa a ko'ina cikin duniya aka yi ta kwashe tsofaffin bayanai zuwa sababbin ma'adanai, kuma kusan kullum SEG-Y ne tsarin da ake zuba su.

Zuwan buɗaɗɗun manhajoji, 1973 zuwa 2018

Tsarin SEG-Y a buɗe yake tun farko, kowa na iya karanta ƙa'idarsa. Manhajojin sarrafa shi ne ke kulle, mallakar manyan kamfanoni, da lasisi mai tsadar da jami'a a ƙasa matalauciya ba ta iya biya. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka saki rubutun asalinta, kowa ya duba, ya gyara, ya raba wa wasu. A wannan fanni jami'o'i ne suka fara. Jon Claerbout ya kafa cibiyar bincike a Jami'ar Stanford a 1973, inda aka gina tarin manhajojin SEPlib, kuma ya dage cewa duk sakamakon da masani ya buga dole wani ya iya maimaita lissafinsa ya samu abu ɗaya.

A 1986 da 1987 Jack Cohen da Shuki Ronen suka fara Seismic Unix a makarantar ma'adinai ta Colorado, bisa wani aiki da Einar Kjartansson ya yi a Stanford. John Stockwell ya kula da ita shekaru da yawa. Tana da ƙananan umarni masu yawa da ake jona su kamar bututu, ɗaya ya karanto faifai, na biyu ya tace hayaniya, na uku ya zana hoto. Umarnin segyread da segywrite su ne ƙofar shiga da ta fita, kuma da su ɗalibai da yawa a duniya suka fara buɗe fayil ɗin girgiza bayan an saki manhajar a intanet a farkon shekarun 1990. Kamfanin dGB na Holan ya fitar da OpendTect a 2003 don duban bayanan 3D da fassara su, sannan Sergey Fomel ya saki Madagascar a 2006, wadda ta ci gaba da aƙidar Claerbout.

Da harshen Python ya mamaye aikin lissafin kimiyya, sai ƙananan manhajoji masu aiki ɗaya tak suka fito. An fara ObsPy a 2008 a Jami'ar Munich ta Jamus don masu nazarin girgizar ƙasa ta ɗabi'a, tana karanta fayiloli masu tsarin MiniSEED da SAC da SEG-Y da kuma SEG-2, tsarin da ƙananan na'urorin binciken ruwa da harsashin gini ke amfani da shi. Nijeriya ma tana da buƙatar irin wannan, domin akwai cibiyar sa ido kan motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauchi, kuma an ji girgiza a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. A 2016 kamfanin mai na ƙasar Norwe, Statoil, wanda ya koma Equinor, ya saki segyio, ƙaramar manhaja da aka rubuta cikinta da harshen C don sauri, ake sarrafa ta da Python. Aikinta karantawa da rubuta SEG-Y kawai. Tana juya haruffan EBCDIC da lambobin IBM da kanta, tana ɗauko zare ɗaya ko layi ɗaya daga fayil mai girma ba tare da loda shi duka ba, kuma tana barin mai aiki ya faɗa mata bayit ɗin da aka ɓoye lambar layi idan ba a 189 da 193 take ba. Wannan abu na ƙarshe ƙarami ne a ido, amma shi ke bambanta fayil mai buɗuwa da wanda aka yanke ƙauna da shi. A Yuni 2018 Equinor ya ƙara da sakin bayanan filin mai na Volve da ke Tekun Arewa, fayil kusan 40,000, don karatu da bincike.

Komawa kwarin, 2009 zuwa 2023

A ƙarshen shekarun 2000 NNPC ya koma Borno, wannan karon da binciken 3D, ta hannun reshensa IDSL mai hedikwata a birnin Benin tare da kamfanin BGP na ƙasar Sin. Rikicin Boko Haram ya tsayar da aikin a 2014. Da aka sake yunƙurawa, a ranar 25 ga Yuli 2017 mayaƙa suka yi wa ayarin masu bincike kwanton ɓauna kusa da Magumeri. An kashe mutane da dama, cikinsu har da sojoji da 'yan sa-kai da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka sace uku daga ma'aikatan jami'ar, waɗanda ba a sako su ba sai Fabrairu 2018. Bayanan da aka tara a waɗannan shekaru an biya su da rayuka, kuma ba abu ne da za a iya komawa a sake ɗauka cikin sauƙi ba.

Hankali ya koma kudu, zuwa iyakar Bauchi da Gombe. A can Shell ya taɓa haƙa rijiyar Kolmani River-1 a 1999 ya samu gas kaɗan ya tafi. Bayan sabon binciken 3D, NNPC ya haƙa rijiya ta biyu, ya sanar da samun mai a Oktoba 2019, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin raya filin a ranar 22 ga Nuwamba 2022. Dokar masana'antar mai ta Agusta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da NNPC ke samu daga wasu kwangiloli don bincike a sababbin kwaruruka, ta kuma kafa hukumar NUPRC mai sa ido kan neman mai da haƙarsa. A Mayu 2023 aka ƙaddamar da haƙar rijiyar Wadi-B a ƙaramar hukumar Jere ta Jihar Borno, wadda ta gaji sunan tsohuwar Wadi-1.

Abin da ya shafi Yusufari da maƙwabtanta kai tsaye ya fi karkata ga ruwa. Masu neman wurin burtsatse sun fi amfani da awon wutar lantarki a ƙasa saboda arha, amma ƙaramin binciken girgiza, da guduma da farantin ƙarfe da jiyofon 12 ko 24, yana nuna kaurin yashi da zurfin da ruwa ya fara. Tsofaffin layukan neman mai ma suna ɗauke da hoton shimfiɗun sama da suka ratsa kafin su kai zurfi, kuma ana iya sake sarrafa su don wannan manufa.

Shingen tsadar manhaja ya faɗi. Wanda ya rage shi ne na bayanan kansu, waɗanda ke hannun NNPC da ma'ajiyar bayanai ta ƙasa ƙarƙashin NUPRC, kuma mai bincike ba ya samun su sai ya rubuta takardar nema an amince. Ɗalibin ilimin duwatsu a Maiduguri ko Bauchi ko Zariya zai iya sauke segyio ko OpendTect kyauta, ya buɗe bayanan Volve na Norwe ko na yankin F3 na Holan a yini ɗaya. Na Gubio da Kukawa, waɗanda aka ɗauka tun shekarun 1970 da 1980, har yanzu ba a sake su ga jama'a ba.